Mai biyan kuɗin gini ba shi ke wuni a gidan ba

Ni ɗan magina ne. Mahaifina da ƙasa ya yi aikinsa har ƙarfinsa ya ƙare: kwaɓi, tubali, jeren azara, yaɓe da makuba. Da na taso siminti ya riga ya ci kasuwa, sai na bi bulo. Yanzu ina da ɗan kamfanina a Kano, birkiloli uku, kafinta ɗaya, mai ɗaurin rodi, sai leburorin da muke ɗauka idan aiki ya taso. Gidajen zama ne namu, fuloti ɗaya ko rabi, a sababbin unguwannin bayan gari.

Aikin da ya koya mini hankali shi ne na uku da na karɓa da sunana. Wani Alhaji ɗan kasuwa ya ba ni fili ya ce ɗakuna yake so, kada in bar masa ko taku ɗaya a banza. Na cika masa fili taf. Falo biyu, ɗakunan kwana huɗu, tayil har bango, rufin kwano mai sheƙi. Ranar da na miƙa makulli har kyautar shadda ya yi mini. Bayan kamar wata takwas, cikin Afrilu, ya kira ni in duba wani bututu da ke yoyo. Aka yi mini iso wajen la'asar. Sai na tarar da uwargida ta shimfiɗa tabarma a ɗan lungun da ke tsakanin kicin da katanga, wurin da na bari don shanya, ita da yara uku da tukunyar girki, duk a matse. Na gaishe ta, ta amsa, sannan ta ce, "Malam magini, ashe kai ne ka gina mana tanda?"

Na nemi izini na shiga ɗakin nata. Na ɗora tafin hannu a bangon yamma, na janye ba shiri. Tagar ɗakin guda ce, ita ma yamma take kallo, rana na zubo mata tun daga azahar. Silin kuwa na yi shi ƙasa-ƙasa don in rage wa Alhaji layi biyu na bulo, kwano na samansa yana gasa shi. An ɗauke wuta, fanka tsaye. Alhaji shi yana fita da safe, ya wuni a rumfarsa, ya dawo bayan isha'i. Bai taɓa sanin ɗakin da ƙarfe huɗu na yamma ba. Ni ma da na zana shi ban taɓa tambayar wacce za ta zauna a ciki ba.

Da na ba Baba labari, dariya ya yi. Ya ce, "Kai yaro, gini ka koya, ba ka koyi gida ba." Sai ya ja ni soronsa a cikin birni. A waje ana ta fama da zafin da a bazarar Kano yakan kai digiri 40, amma ciki kamar an yayyafa ruwa. Ba wani asiri ba ne. Katangar ƙasa mai kauri a hankali take shan zafin rana, kafin ya ratsa ta dare ya yi, sai ta sake shi lokacin da gari ya yi sanyi, abin da ya sa da hunturu ɗakin yake da ɗumi. Rufin soro ma ƙasa ce a kan azara. Bulo mai inci shida, mai rami a ciki, da kwano falle ɗaya, ba su da wannan haƙurin. Magabata kuma sun san hadari daga gabas yake tasowa, don haka bangon gabas suke fi ƙarfafa wa yaɓe, su sa indararo ya jefa ruwa nesa da gindin katanga.

Kuma ba zafi kaɗai suka lissafa ba. Dubi zaure. Ƙofar shiga da ta wucewa ciki ba sa kallon juna, don mai wucewa a titi kada idonsa ya faɗa cikin gida. Baƙo ya samu wurin zama, mai gida ya yi hira, malam ya ba da karatu, mata kuma suna tsakar gida a sake, da iskarsu da inuwarsu, ba mai takura su da mayafi. Yau mun cire zaure mun sa get, mun shafe tsakar gida da intalok, wasu ma sun rufe samanta da kwano saboda ɓarayi. Sai matar da ke wuni a gida ta koma tsakanin bango huɗu da labule.

Kada a ce ina kiran mutane su koma ginin ƙasa. Ni kaina da siminti nake cin abinci. Soro yana son yaɓe kafin kowace damina, giginyar da ake tsaga azara ta yi wuya, kuma ɗan haya na ganin ƙasa zai juya. Sai dai raina ta da muke yi ne ban yarda da shi ba. Wanda ya shiga tsohon ɓangaren Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830 zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ya ɗaga kai ya ga bakan gizon nan, wato lanƙwasassun ginshiƙan da ke riƙe da rufin, ba zai sake kiran ginin ƙasa aikin talauci ba. A Dandaji ta jihar Tawa a Nijar ma, masu zanen gine-gine Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun yi sabon masallaci da bulon ƙasa da aka matse, suka mai da tsohon ya zama ɗakin karatu. An gama aikin a 2018, ba zamanin kakanni ba.

Abin da na sauya a nawa aikin kaɗan ne, kuma akasarinsa ba ya cin kuɗi. Kafin in buga turaku sai na je filin da yamma na ga inda rana ke faɗuwa. Banɗaki da sito nake turawa bangon yamma, su sha ranar. Kowane ɗakin kwana tagogi biyu a bango daban-daban, don iska in ba ta ga mafita ba, ba ta shiga. Ina ƙara layi biyun nan na bulo da na taɓa ragewa, in bar ƙananan ramuka masu raga a ƙarƙashin rufi don zafin da ya taru a saman silin ya fice. Kicin kuwa ba na yin sa ba taga, ko da gas za a yi girki. Sannan nakan ce wa mai gida, "Alhaji, a kai wa Hajiya zanen nan ta gani." Wasu su ɓata rai. Amma sau da yawa daga cikin gida gyaran da ya fi amfani yake fitowa: a matso da famfo kusa da wurin wanke-wanke, a juya ƙofar kicin ta kalli inda yara ke wasa, kada a sa banɗaki a inda sai an ratsa falon baƙi.

Rigimar da ba ta ƙarewa ita ce ta tsakar gida. Kowa lissafin ɗakin haya yake yi, kuma ban ga laifinsa ba, ga tsadar fili. Nakan roƙi ko faɗin tabarma huɗu ne a bari da ƙasarsa a dasa darbejiya. Wani ya yarda, wani ya ce ganye zai ɓata masa intalok.

Bara wani ma'aikaci ya ɗauko mahaifinsa daga cikin birni ya dawo da shi sabon gidan da muka gina masa. Ɗaki mai kyau, da na'urar sanyaya ɗaki da sola. Ba a yi wata biyu ba tsoho ya daina cin abinci sosai, kullum maganarsa a mai da shi gida. Ɗan ya kira ni ko akwai abin da za a ƙara a ɗakin. Na je na gaishe da dattijon, na ce, "Baba, me aka rasa?" Ya ce, "Ɗana, tun da na zo ban ga wanda ya wuce ya yi mini sallama ba." Buhu uku na siminti da ragowar bulo muka sa muka yi masa dakali a ƙofar gida, ɓangaren da inuwar katanga ke sauka da yamma, ta hanyar masallacin unguwa. Da na bi ta wurin kwanakin baya, su huɗu na tarar a kai, da buta da rediyo, har mai shayi ya kafa teburinsa a gefe.