Talata, da allurar da aka ce ba ta kama shi ba

Hazo ya sauka sosai yau, ko hasumiyar masallacin Juma'a ba a hangowa daga bakin titi. Wuta ta kwana, har firjin magani ya yi ƙanƙara. Sista Babba ta zo da ƙosai mai zafi ta raba wa kowa. Safiya dai ta yi daɗi har wajen ƙarfe 11.

Sai aka kawo wani yaro tela. Allurar keke ta soke shi a kan yatsa tun makon jiya, wurin ya kumbura ya yi sumul, ya tara mugunya. Likitanmu ɗan bautar ƙasa ya zuƙi lidoken, maganin allurar kashe zafi, ya tsira a tsakiyar kumburin, ya ɗan jira, ya sa wuƙa. Yaron ya kurma ihu. Ya ƙara allura a wurin, bai canja zani ba. Sai ya fito baranda ya ce min, "Oga, yaron nan ɗan ƙwaya ne. Jininsa ya fi ƙarfin allura." Uwar yaron tana zaune a kan benci, kuma ta ji. Ta sunkuyar da kai, ta ja bakin mayafinta ta rufe baki.

Na ja shi ofis na ce, "Likita, yaya zafi yake tashi daga yatsa ya isa ƙwaƙwalwa?" Ya ce lantarki ne ke bin jijiya kamar yadda yake bin waya. To, a nan gizo ke saƙar. Wanda ya ɗauki jijiya a matsayin waya ba zai gane inda lidoken ke aiki ba, balle dalilin da yake ƙin yi.

Zaren jijiya in yana hutawa, cajin lantarkin cikinsa yana ƙasa da na wajensa da kimanin milibolt 70. Sodiyam ya taru a waje, wajen milimol 140 a lita, a ciki kuwa bai wuce 15 ba. Fotasiyam akasin haka, kusan 140 a ciki, 4 zuwa 5 a waje. Akwai famfo a jikin tantanin da ke riƙe wannan bambanci, yana fitar da sodiyam 3 yana shigo da fotasiyam 2 a kowane juyi. Idan wuƙa ta taɓa ƙarshen jijiya har cajin ya ɗaga daga -70 zuwa wajen -55, sai ƙofofin sodiyam su buɗe. Sodiyam ya kwararo ciki, shigarsa ta ƙara buɗe wasu ƙofofin, nan take cikin ya haura zuwa +30. Kafin kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ya cika, ƙofofin sodiyam sun toshe kansu, na fotasiyam da suka fi nawa sun buɗe, fotasiyam ya fita, cajin ya koma inda yake, har ya ɗan zarce ƙasa kafin ya daidaita. In bai kai -55 ba, babu abin da zai tashi. In ya kai, girman bugun, wato wannan hawa da saukar caji, ɗaya ne kullum. Tsananin zafi yana zuwa ne daga yawan bugu a daƙiƙa da yawan zaruruwan da suka tashi.

Kuma bugun ba gudu yake yi daga yatsa zuwa laka ba. Sabo ake haifarwa a kowane taki. Kamar wuta ce a dangar kara: karan da ya kama shi ke kunna na kusa da shi, wanda ya riga ya ci kuwa ba ya sake kamawa nan take, shi ya sa wutar gaba kawai take yi. A zaruruwa masu rigar mayelin, wani rufi mai kitse da ke naɗe zaren, ƙofofin sodiyam sun cunkushe ne a 'yan gaɓoɓin da rigar ta tsinke, tsakanin gaɓa da gaɓa milimita 1 zuwa 2, sai bugun ya riƙa tsallake daga wannan zuwa waccan. Mafi kaurinsu suna kai mita 120 a daƙiƙa. Siraran da ba su da riga, masu ɗauko zugi da raɗaɗi, da ƙyar suke yin mita 2. Masana Hodgkin da Huxley ne suka auna yadda shigar sodiyam da fitar fotasiyam ke haifar da bugun a Ingila, a jikin ƙaton zaren jijiyar wata dabbar teku, suka buga sakamakon a 1952, aka ba su kyautar Nobel a 1963. Yana cikin littafin aji biyu na kowane likita. Abin da ke ci min rai shi ne, ana haddace shi don jarrabawa a bar shi a can, alhali a ɗakin wankin ciwo ake buƙatarsa.

Lidoken toshe ƙofar sodiyam yake yi, amma daga ciki. Dole sai ya ratsa tantanin jijiya tukuna, kuma ɓangarensa marar caji ne kaɗai ke iya ratsawa. A lafiyayyen nama mai pH 7.4 (pH ma'aunin tsami ne, yana sauka in tsami ya ƙaru), kusan kashi 25 cikin ɗari na maganin ne marar caji, kuma ya wadatar. Inda mugunya ta taru wurin tsami yake yi. In pH ya sauka zuwa 6, abin da ke iya ratsawa bai fi kashi 1 cikin ɗari da 'yan kai ba. Ga jini da ke yawan kwarara a wurin kumburi yana wanke ɗan abin da aka zuba, ga jijiyoyin da kumburin ya tunzura har ɗan taɓi kaɗan ke tayar da su. Ko da yaron yana shan wani abu, ba can za ka fara dubawa ba ga mugunya a gabanka.

Da ya ji haka sai ya ce, "To Oga, in ninka adadin?" Na ce a'a, ƙanena. Lidoken mai kashi 2 cikin ɗari yana da miligiram 20 a kowane mililita. A miligiram 3 ga kowane kilo, yaro mai kilo 50 iyakarsa 150, wato mililita 7 da rabi. In aka zarce, ko aka zuba a hanyar jini, ƙofofin sodiyam na ƙwaƙwalwa da na zuciya ne za su toshe: leɓe ya mutu, baki ya yi ɗanɗanon ƙarfe, kunne ya yi ƙara, daga nan sai jijjiga.

Tunda kowane taki shi ke haifar da na gaba, ya isa a yanke hanyar a sama, inda nama ke da lafiya. Jijiyoyi huɗu ne ke shiga yatsa, biyu ta ciki biyu ta baya. Likita ya wanke gindin yatsan, ya shiga ta baya a gefe ɗaya, ya ja sirinji ya ga babu jini, ya zuba mililita 1 zuwa 2 na mai kashi 1 cikin ɗari a hankali, ya yi haka a ɗaya gefen. Sai jira, minti 10 cur da agogo, domin maganin ya jiƙa aƙalla gaɓoɓi uku a jere, in ba haka ba bugun tsallake wurin zai yi. Aka gwada da tsinin allura kafin wuƙa. Aka gaya wa yaron zai ji ana taɓa shi amma ba zai ji zafi ba, don zafi ke fara ɗaukewa, jin taɓi ya biyo daga baya. Yana kallon silin har aka matse mugunyar aka ɗaure.

Abincin rana bai shiga ba. Taron ƙarfe 2 an ɗage shi. Auta ta bugo waya kan kuɗin littafi.

Da la'asar na ɗauki katin yaron na ga an riga an rubuta a kai cewa ana zargin yana shaye-shaye. Katin nan zai bi shi duk zuwan da zai yi, kuma duk wanda ya buɗe, da wannan layin zai fara cin karo. Na sa Likita ya soke shi da hannunsa ya sa hannu a gefe, ya rubuta abin da ya faru a ƙasa. Uwar kuwa ta riga ta tafi da maganar da ta ji a baranda, ban san abin da za ta faɗa wa mahaifinsa a daren nan ba. Alhamis za su dawo wankin ciwo. Na ce masa shi zai tare ta da kansa ya yi mata bayani.