Ƙaramar libarba ta aljihu: rashin nauyi yana da farashinsa

Wannan magana ta Amurka ce, domin can ne doka ta yarda farar hula ya ɗauki ƙaramar bindiga a ƙarƙashin riga. A Najeriya, dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun bindigogi, kuma lasisinsu a hannun shugaban ƙasa yake. Ko a Amurkan ma kowace jiha da dokarta. Fiye da rabin jihohi sun daina neman takardar izinin ɗauka, amma New York, New Jersey, Illinois da California suna nema, duk da hukuncin Kotun Ƙoli na shari'ar Bruen a 2022 da ya hana jihohi tambayar mutum dalili na musamman. Mai katin zama na dindindin yana iya saye a shago mai lasisi idan ya kai shekara 21, ya cike fom 4473, aka kuma bincika tarihinsa. Wanda ya shigo da bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi in ban da wasu 'yan keɓantattun hanyoyi. A fara warware wannan kafin a taka shago.

Kuskuren da aka fi yi a gaban kanta shi ne a ɗauki bindigogi biyu a auna a tafin hannu, a zaɓi wadda ta fi sauƙi. A aljihu kam ita ce ta fi daɗi. A filin harbi kuwa ita ce za ta sa mutum ya tsani atisaye. Duk abin da ya fita ta baki, shurinsa yana dawowa hannu, kuma nauyin ƙarfe ne yake shanye wani kaso na shurin. In an rage ƙarfe, tafin hannu ne zai biya.

Ga yadda nauyin yake a kasuwa. Smith & Wesson 340PD, mai jikin alminiyum da aka gauraya da sikandiyum da gangar harsasai ta titaniyum, ba ta wuce giram 335 ba. Ruger LCR mai cin .38 Special tana da kusan giram 385. Smith & Wesson 642 da 'yar uwarta baƙa 442 suna wajen giram 415. LCR ta .357 Magnum, wadda aka yi wa jikin ƙarfe, giram 485. Daga nan sai a tsallaka zuwa na ƙarfe zalla: Smith & Wesson 640 da Kimber K6s sun haura giram 600, Ruger SP101 kuma ta haura 700. Waɗannan na ƙarshe sun fi daɗin harbi nesa ba kusa ba, amma suna jan aljihun wando ƙasa, sai dai a ɗaura su a ƙugu. A ganina, tsakanin giram 380 da 490 nan ne amfanin yake. Ƙasa da haka azaba ce, sama da haka kuma mutum kan fara barin ta a gida.

Mutane da yawa suna ruɗuwa da sunan Magnum. Bututun marasa nauyin cikinsu bai kai inci biyu ba, kusan santimita 4.8 ne. Albarushin .357 yana bukatar tsawon bututu kafin ya gama aikinsa, don haka wani kaso mai yawa yana fitowa ne a matsayin walƙiya da ƙara. Gudun harsashin yana ɗara na .38 ɗin, gaskiya ne, amma a bindiga mai giram 335 harbi biyar sun isa su sa hannu ya yi tsami, harbi na biyu kuma ba ya zuwa da sauri domin bakin bindigar ya yi sama. Dabarar da masu hankali suke yi ita ce su sayi LCR ta .357 saboda ƙarin giram ɗari da take da shi, su riƙa zuba mata .38 Special. Libarba ta .357 tana cin .38 lafiya lau. Akasin haka ba ya yiwuwa, kwanson .357 ya fi tsayi, ganga ba za ta rufu ba. Sai dai a riƙa goge ramukan ganga bayan harbin .38, domin datti yana taruwa kamar zobe a gaban gajeren kwanso, ya hana dogon shiga daga baya.

Akwai wata matsala da ta keɓanta da marasa nauyi, kuma ba kowa ke faɗinta a shago ba. Idan bindiga ta yi shuri da ƙarfi, tana fizgar kwansunan da ke cikin ganga baya, kan harsashin kuwa yana son ya tsaya inda yake. A hankali sai kan ya riƙa zamewa daga kwanso. In ya leƙo ta gaban ganga, sai ya tokare bututu, ganga ta ƙi juyawa, bindiga ta zama dutse. Gwajin ba wuya: a zuba biyar, a yi wa ɗaya alama da biro, a harba huɗu, a bar mai alamar. A sake zuba huɗu, a harba, sannan a fitar da mai alamar a jera shi da sabo a kan tebur. In ya fi sabon tsayi yadda ido zai gani, wannan samfurin harsashi bai dace da wannan bindiga ba. Masu gangar titaniyum kuma a karanta rubutun da ke jikin bututu: kamfanin Smith & Wesson ya hana harsashin Magnum da nauyin kansa bai kai giren 120 ba (giren ma'aunin nauyin kan harsashi ne), saboda zafin iskar da yake fitarwa yana cinye fuskar ganga. Kada kuma a goge gangar titaniyum da takardar yashi ko wani abu mai kaushi, akwai rufin kariya a jikinta.

Batun guduma, wato ƙarfen da ke dukan gindin harsashi ya tashi, gajere ne. Iri uku ne: mai guduma a waje kamar Smith & Wesson 637 da Ruger LCRx, mai guduma a rufe da ɗan kai da ya leƙo kamar 638, da wadda gudumar take ciki gaba ɗaya kamar 642, tsarin da Smith & Wesson ya fito da shi tun 1952. Don aljihu, ta ukun ce. Ƙahon guduma yana kama yadi daidai lokacin da ake son fitar da ita, ramin 638 kuma yana tara zare da ƙura. Tayar da guduma da babban yatsa yana mayar da kunama mai laushi ƙwarai, abin da ba a so a hannun mutumin da jikinsa ke rawa.

Kunama ita ce wurin da ya kamata a ɓata lokaci. Jan kunamar 642 sabuwa daga kwali yana kai kilo biyar ko fiye, wato ya ninka nauyin bindigar kanta sau goma sha. Shi ya sa sabon hannu yake harbi ƙasa da gefe ko a mita biyar: yatsa yana ja, bindigar duka tana bin yatsa. Ta LCR, wadda ta fito a 2009, ta fi santsi da sauƙi saboda yadda aka tsara haɗuwar kunama da guduma. Amma tana da nata halin: dawowar kunamar ba ta da ƙarfi, kuma tana yin wani ɗan ƙas a hanya wanda ke yaudarar yatsa ya ɗauka ta kai gida. In aka ja daga nan, ganga na iya juyawa ba tare da harbi ba, ko kunama ta cije. Magani shi ne a saki yatsa har ƙarshe kowane harbi. A shago, a nemi izinin mai kanta, a tabbatar babu harsashi, a ɗora saiti kan wani ɗigo a bango ta inda ba mutane, a ja sau goma. Wadda saitinta ya fi zama wuri ɗaya ita ce ta hannunka, ko da ba ita ka zo nema ba.

Wasu suna sayen sifirin mai laushi su canza na guduma don kunama ta yi sauƙi. Nan ake jawo wa kai ƙin tashi: guduma ta daki gindin harsashi da rauni, a ji ƙas maimakon ƙara. Ga bindigar da aka ajiye don kare rai, gara a bar sifirin na kamfani, a yi ta jan kunama babu harsashi, da harsasan roba na atisaye a ciki. Bayan ja ɗari-ɗari sassan kan goge juna su yi santsi, yatsa ma ya yi ƙarfi.

Ƙota tana canza bindiga fiye da yadda ake zato. Gajeriyar ƙota mai ɗaukar yatsu biyu ta fi ɓuya, amma ƙarfen bayanta yana dukan tsakanin babban yatsa da manuni kai tsaye. Ƙotar roba da ta rufe bayan ƙarfen, kamar Hogue Tamer da ke zuwa da LCR, tana rage zafin sosai. Aibinta, roba tana manne wa riga, ta ɗaga ta, ta tona asiri. Sannan a gwada ko ƙotar tana barin wuri ga abin zuba harsasai lokaci guda, irin HKS 36, domin wasu ƙotocin suna tare shi. Yawancin masu ɗaukar ta aljihu sun fi son 'yar siririyar robar nan ta Bianchi mai riƙe harsasai a jere, tana kwanciya a aljihu ba tudu.

Harsashi biyar ne a yawancinsu. Mai son shida yana da Taurus 856, Kimber K6xs mai kusan giram 450, ko LCR ta .327 Federal Magnum, wadda take cin .32 H&R Magnum mai sauƙin shuri, zaɓi mai kyau ga mai ciwon gaɓoɓin hannu. Gangar mai shida ta .38 ta fi ta mai biyar kauri da 'yan milimita, kuma a aljihu kaurin ganga ake gani, ba tsawon bututu ba. Cikin harsasan .38, Speer Gold Dot mai giren 135 an yi shi musamman don gajeren bututu. Wanda shurin harsashin +P, wato mai ƙarin ƙarfin albarushi, ya fi ƙarfinsa ya duba mai shafaffen kai na giren 148, na gasar harbi: ba ya buɗewa, amma yana shiga da kyau kuma ana iya sarrafa shi. Ma'aunin da FBI, hukumar binciken laifuka ta Amurka, take amfani da shi shi ne shigar inci 12 zuwa 18 a cikin jelatin na gwaji.

Ana cewa libarba ba ta cijewa. Tana cijewa, kuma in ta cije ba a gyara ta da dukan tafin hannu. Sandar fitar da kwanso a waɗannan ƙanana gajeriya ce, ba ta tura kwanso har waje. Dole a ɗaga bakin bindiga sama sak, a daki sandar da ƙarfi sau ɗaya. In an yi a kwance, ƙwayoyin albarushin da bai ƙone ba suna faɗawa ƙarƙashin tauraron da ke tura kwansuna, tauraron ya ƙi zama, ganga ta ƙi rufuwa. Tsohon burushin haƙori yana maganin wannan. A kan Smith & Wesson, sandar kanta tana iya kwancewa a hankali ta hana ganga buɗewa, don haka a riƙa taɓa ta da yatsa lokacin goge-goge. Kada a riƙa wurga ganga ta rufu da karkaɗa hannu kamar a fim, hannun da ke riƙe da ita yana lanƙwasa. Kuma babban yatsan hannun hagu ya tsaya a baya, domin tsakanin ganga da bututu akwai tazara siririya da wuta ke fita ta gefe.

Mai sayen ta hannu ya yi gwaji uku, bindiga babu harsashi. Ya ja kunama a hankali a kan kowane rami, ya saurari ƙas ɗin makullin ganga kafin guduma ta faɗi. In guduma ta riga shi, ramin bai daidaita da bututu ba, bindigar za ta riƙa feso ɓarɓashin dalma. Ya tura ganga gaba da baya, motsin ya zama da ƙyar ake jinsa. A jikin alminiyum kuma ya buɗe ganga ya haska fitila ƙarƙashin gindin bututu, inda ƙarfen ya fi siranta, ya nemi tsaga.

Kube na aljihu dole ne ya rufe kunama gaba ɗaya, ya kuma zauna a aljihu lokacin da bindiga ta fito. Aljihun nan nata ne ita kaɗai, ba makulli, ba tsabar kuɗi. Mai sa kaftani a ranar Juma'a ko ta Sallah ya lura, aljihun gefe na kaftani yana lilo yana dukan cinya, bakin bindiga yana juyawa, don haka kuben ƙugu a kan bel mai tauri ya fi dacewa da irin wannan shiga. Duk mako a fitar da harsasai, a busa zaren aljihu daga ganga, a shafe gumi da tsumma mai ɗan mai. In an dawo gida da yara, daga jiki sai akwati mai makulli.