Kada ku riƙe motar zamani da dabarun Fijo 504

Ƙannena, yawancinku motar farko da za ku saya tokumbo ce mai injecta, wato wadda kwamfuta ke auna wa injinta fetur, amma shawarar da za a riƙa ba ku a gareji ta zamanin Fijo 504 ce. Ni na bi irin wannan shawara, ta ci mini inji.

A hannun 504 na koyi tuƙi, kuma har gobe ina ganin girmanta. A 1968 ta fito a Faransa, daga 1975 aka fara haɗa ta a Kaduna. Kabureta gare ta, wato na'urar da ke haɗa wa inji fetur da iska, babu kwamfuta a jikinta. Bakanike zai kasa kunne ya gane ciwonta, ya hure kabureta, ya goge filogi, ka kama hanya. Kayan gyaranta kuwa, in ka rasa a kasuwar Panteka ta Kaduna ka samu a Ƙofar Ruwa ta Kano.

Da na sayi Corolla sai na ci gaba da yi mata wannan riƙon. Wani bakanike ya ce tamostat, abin da ke daidaita zafin inji, na ƙasar sanyi ne, na yarda ya cire, ya haɗa fanka kai tsaye. Ruwan rijiya nake zuba wa lagireto. Fitilar gargaɗin inji ta kama, na ce ai mota tana tafiya. Laifin nawa ne, motar ba ta da aibu. In babu tamostat inji yakan daɗe bai ɗau zafin da ya kamata ba, kwamfutar kuma ta yi ta ƙara masa fetur a zaton har yanzu da sanyi. Ga shan mai, ga filogi na yin baƙi. Ruwan rijiyar nan ya tara tsatsa ya toshe lagireto, ƙarshe gaskit ya ƙone.

Don Allah, in fitilar ta kama ku kai wa mai na'urar duba inji kafin kowa ya sa sifana. Ku sa ruwan sanyaya inji na asali, da baƙin man da littafin motar ya ambata, ko da ya fi tsada.

Mai sha'awar 504 ya riƙe abarsa, ta cancanta. Amma ba ta da jakar iska, ba ta da burkin ABS mai hana taya kullewa in an taka burki da ƙarfi. In zan ɗauki iyali daga Kano zuwa Kaduna, ta zamani nake hawa, kowa kuma ya ɗaura bel.