Kafin ka ce amplinka ya lalace, duba saitinsa

Kusan duk gidan da na shiga a nan Garwa mai ampli (amplifaya) da sipika biyar da wufa (akwatin da ke fitar da sauti mai kauri), kukan ɗaya ne, idan aka yi harbi ko mota ta fashe a fim sai gilashin taga ya kama rawa amma da mutum biyu sun zauna suna magana sai kowa ya kasa kunne ana ta me ya ce, me ya ce. A ƙara murya kiɗa ya tada yaro daga barci, a rage kuma magana ta ɓace, rimot na hannun mai gida har fim ya ƙare. Abin na damuna wallahi, don mutum ya zuba kuɗinsa masu yawa amma abin da yake ji bai kai na ƙaramar rediyo ba, alhali kayan lafiyarsu lau.

A tsarin 5.1, wato sipika biyar da wufa ɗaya, kusan duk maganar ƴan wasa ta sipikan tsakiya take fitowa, wancan na kwance ɗin. Shi kuma ne aka fi wulaƙantawa, wani ya cusa shi cikin kabad bayan ƙofar gilashi, wani ya ajiye shi a ƙasa yana ma ƙafafun mutane magana. Dan Allah fito da shi, sa shi daidai ƙarƙashin tele a bakin katako, fuskarsa na kallon kunnen wanda ke zaune, sannan ka shiga menu wajen ƙarfin kowane sipika ka ƙara masa 2 ko 3 dB (ma'aunin ƙarfin sauti). Wannan kaɗai na kashe rabin matsalar.

Sai wufa. Na san muna son gidi-gidi, nima ina so, amma ba a murɗa maɓallin bayansa har ƙarshe, rabi ya isa. A cikin menu akwai wajen girman sipika, Small da Large, ko Petite da Grande in naka da Faransanci yake. Mutane na zaɓar babba don suna ganin shi ne mai ƙarfi, toh ba haka ba ne, in ka ce ƙarami ampli zai kwashe sauti mai kauri ya miƙa wa wufa, sauran su samu sarari su fitar da murya tas, shi kansa amplin ya rage wahala. Iyakar da aka saba sawa tsakanin wufa da sauran sipiku 80Hz ce, in kuma sipikun naka irin ƴan mitsi-mitsin nan ne da ba su fi kofin shayi ba ka kai 100 ko 120. Kuma ɗakunanmu siminti ne da tayil, sauti na dukan bango ya dawo, in ka matse wufa a lungu abin ƙaruwa yake, ja shi gaba kaɗan, shimfiɗa darduma, labule mai kauri ma na taimakawa sosai.

Nisa ma ana saitawa kuma da yawa ba su taɓa buɗe wajen ba. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, shi ya sa sipikan da ke kusa da kai ke riga na nesa isowa kunne, in ka auna da tef ɗin tela daga kujera zuwa kowane ɗaya ka rubuta masa, ampli zai jinkirta na kusa su iso tare. Masu Denon da Marantz suna da Audyssey, Yamaha na da YPAO, Pioneer MCACC, dukkansu da ɗan makirfo suke wannan aikin da kansu. Sai dai yawancin namu na hannu ne kuma makirfon ba ya biyo su. In kana da shi ka bari sai dare babura sun lafa, kashe fanka, ɗora shi daidai tsayin kunne, in ya gama kuma ka koma ka duba don sau da yawa yakan mayar da sipiku Large.

Wani abin, ba kowane shiri ke zuwa da 5.1 ba. Jar waya da fara sitiriyo kawai suke ɗauka, sai HDMI ko wayar optik, kuma a dikodar Canal+ ko tele sai ka zaɓi Dolby Digital maimakon PCM. Finafinan Kannywood da abin da muke kallo a YouTube galibi sitiriyo ne, a nan saitin ampli na Pro Logic II ko Dolby Surround ke da amfani don yana jawo magana tsakiya. Saitin da ke watsa abu ɗaya a duk sipiku biyar kuwa na ranar suna ne da biki, ba daɗi ana wasan Coton Sport ka ji mai sharhi na magana ta ƙeyarka. In baki na motsi bayan murya ta wuce, nemi Lip Sync ka ƙara jinkiri kaɗan-kaɗan. Da dare kuma akwai Night ko DRC, yana danne ƙarar fashewa ya ɗago raɗa, maƙwabta su huta.

Hoto ba shi da dogon zance, bar ampli ya wuce da shi yadda yake, a tele ake gyara. Fita daga saitin hoto na Dynamique, na shago ne don jan ido, shi ke sa fatar baƙin mutum ta yi ja, ciyawar filin ƙwallon Roumdé Adjia ta zama wani kore da wanda ya taɓa shiga filin ya san ba haka take ba. Koma Cinéma, rage Netteté wato kaifin hoto, bar girman hoton a 16:9 kar mutane su kumbura. Kwana biyun farko za ka ga kamar ya dushe, ka daure ido zai saba.

Abin da ya fi kashe ampli a nan zafi ne. Maris da Afrilu muna wuce digiri 40, ga shi mata na son rufe shi da ƙyalle mai ado saboda ƙura, a kuma ɗora dikoda a kai, duk ramukan iskan sun toshe. A rufe in an kashe, a buɗe in an kunna, a bar masa sarari kamar tafin hannu a sama. In yana mutuwa da kansa yana rubuta Protect kar ka ruga wajen mai gyara tukuna, leƙa baya, sau da yawa silin waya ɗaya ne ya taɓa ɗan'uwansa. Kuma in daga Amurka aka kawo maka shi karanta bayansa kafin ka jona, nasu 120V ne namu 220V, sai da taransifoma, ga regilata saboda yadda wuta ke hawa da sauka lokacin da aka dawo da ita.