Gem ɗin da ba dole sai ka kashe dodo ba

Duk gidan gem ɗin da ka shiga a Gombe, daga Pantami har Tumfure, abu biyu za ka tarar ana yi, ko ƙwallo ko harbi. Wanda aka ci ya miƙa fad, wato abin danne-dannen da ake buga gem da shi, na gaba ya zauna. Nima ina yi, ba wai raini ba ne. Amma akwai wani irin gem da bai shiga wannan layin sam, babu abokin karawa, kai ne kawai da labari, kuma abin da ka zaɓa shi ke juya labarin. A cikinsu wanda ya fi zauna mini a rai shi ne Undertale. Tun yanzu in faɗa, zan tona asirin labarin sosai, wanda bai so a ɓata masa gara ya tsaya a nan.

Hotonsa dai ba zai burge ka ba. Wani abokina da ya leƙo laftof ɗina cewa ya yi, "Mutumina, wannan ai gem ɗin Nokia mai toci ne." Kuma bai yi ƙarya sosai ba. Wani Ba'amurke Toby Fox ne ya haɗa shi kusan shi kaɗai, labari nasa, kiɗa nasa, sai Temmie Chang da ta taya shi zane. A 2013 ya nemi tallafin dala 5,000 a Kickstarter, wani shafin tara gudummawa a intanet, aka tara masa sama da 51,000, gem ɗin ya fito a watan Satumba na 2015.

Labarin shi ne an taɓa gwabza yaƙi tsakanin mutane da dodanni, mutane suka ci, suka kulle dodannin a ƙarƙashin wani dutse mai suna Ebott da wani shingen tsafi. Sai da ran mutum bakwai shingen zai karye, sarkinsu Asgore ya riga ya tara shida. Kai kuma ƙaramin yaro ne da ya faɗa ramin. Ka ga kenan kai ne na bakwai.

To mu yadda muka taso, dodo abin kashewa ne. A tatsuniya yana haɗiye mutane, a ƙarshe a farke cikinsa kowa ya fito, ƙurunƙus. Ko Bayajidda da ya sare kan macijiya a rijiyar Kusugu ai ba a taɓa ba mu labarin ya tsaya jin ta bakinta ba. Gem ma haka suke, ka ga dodo ka buge, lebul ɗinka ya hau. Shi Undertale in dodo ya tare ka zaɓi huɗu ne a ƙasan allo: faɗa, yi masa wani abu kamar magana ko wasa, buɗe jakar kayanka, sai afuwa. Akwai wani kwaɗo da in ka yabe shi, ba ya ma jin yarenka amma sai ya ji daɗi ya huce. Akwai ƙaton kare cikin sulke, shi kira yake so, ka shafa shi, ku yi wasan jifa da sanda, shikenan rigima ta mutu. In sunan dodo ya koma rawaya to ya sauko, za ka iya sallamarsa.

Kada ka ɗauka afuwar nan hutu ce. Duk lokacin da kake lallashi shi yana ta jifanka, zuciyarka ce 'yar ja a cikin wani akwati kana ta kauce wa abin da yake watso maka, kuma tunda ba ka kashe kowa ba lebul ɗinka ba ya motsi, da 'yar lafiyar nan 20 da ka fara da ita za ka je har gaban sarki. Wannan shi ya kama ni. Mai tausayi shi ke shan wuya, mai duka shi ke ƙara ƙarfi, gem ɗin bai ɓoye maka ba.

Ɗauki Toriel, wata dattijuwar dodanniya mai kan akuya da ta tsince ka tun farko. Ta riƙe hannunka ta tsallakar da kai tarko, ta kira ka a waya tana tambayar wane ɗanɗano ka fi so don za ta gasa maka wani abu, ta gyara maka ɗaki. Kana cewa za ka tafi sai ta tare ƙofa, don ta san abin da ya sami yaran da suka fita kafin kai. Sunanta ba ya komawa rawaya, sai dai ka yi ta danna afuwa kana nanatawa har ka fara zaton botin ɗin bai aiki. In lafiyarka ta kusa ƙarewa ma sai wutar da take jefowa ta riƙa kauce maka da kanta, ba ta son ka mutu. Mutane da yawa a nan suke cewa bari su ɗan rage mata ƙarfi tukuna, sai bugu ɗaya ya zo da nauyin da ba su zata ba ta faɗi. Sai mutum ya yi wayon da duk ɗan gem ya sani, ya koma baya inda wasan ya ajiye masa, ya sake, wannan karon ya bar ta da rai. Yana fita sai ga Flowey, wani shu'umin fure mai murmushi, ya ce masa ya san abin da ya yi, ya kashe ta ne sannan ya ji ba daɗi ya dawo. Wallahi gem ɗin yana riƙe abu.

Papyrus kuwa dariya ce zalla, ƙwarangwal ne mai son a san shi, burinsa ya kama mutum a ɗauke shi dogarin sarki, amma in ya kama ka ɗakin da yake kulle ka sandunan ƙofar sun yi faɗin da za ka fice abinka.

Wurin da na fi so shi ne na Undyne, shugabar dogarai, kifi ce cikin sulken ƙarfe da mashi. Ita ba ta jin lallashi ko kaɗan, mafita ɗaya ce ka ari ta kare. Tana binka kana gudu har ku shiga yankin wuta, kuna tsallake wata gada zafi ya cinye ta a cikin ƙarfen nan ta zube. Duk wanda ya san ranar Gombe a watan Maris ba sai an yi masa bayani ba. A gefe ga tulun ruwan sanyi da kofi. Ba rubutun da ya ce ka yi wani abu, hanya a buɗe take. Ƙanina yana zaune kusa da ni lokacin, ya ce "Yaya wuce kawai, yanzu fa take neman ranka." Na ɗebo ruwan na zuba mata. Ta miƙe, ta dube ni, ta waiga hagu da dama, ta juya ta tafi ko uffan ba ta ce ba. Yaron nan ya yi shiru can ya ce, "To ko godiya babu?" Babu. Sai daga baya, in ba ka taɓa kashe kowa ba, za ka iya zuwa gidanta ku yi girki har ku ƙona gidan.

Dab da ƙarshe Sans, ɗan'uwan Papyrus, malalacin nan mai barkwanci, zai tsayar da kai a wani dogon zaure ya yi maka hisabi, a nan yake gaya maka lambobin da kake murnar suna hawa ba ƙarfi suke aunawa ba, cutar da ka yi suke ƙirgawa.

Akwai kuma hanyar kashe kowa da kowa, ni a YouTube na kalle ta kuma a nan zan bar ta. Sai ka yi ta zagaye wuri ɗaya kana farautarsu har su ƙare, kiɗa ya ja baya ya yi nauyi, garin Snowdin da ke cike da hira ya zama kufai, mai shago ta gudu ta bar takarda tana roƙon kada ka taɓa iyalinta. Da gangan aka sa hanyar ta zama mai gundura, sannan Sans ya zama bos, wato babban abokin faɗa, mafi wuya a gem ɗin gaba ɗaya. In ka kai ƙarshenta ko ka sake sabon wasa ka yi wa kowa afuwa, kyakkyawan ƙarshen da mai afuwa ke samu ya riga ya gurɓace. Abokin nawa mai maganar Nokia ya ce ai zane ne, ba rai gare su ba, kuɗinsa ya biya dole ya ga komai. Hujjarsa ba ta banza ba ce, abin mamakin shi ne Flowey ma irin maganar da yake yi kenan, ya gwada kirki ya gaji sai ya koma gwada mugunta don ya ga me zai faru.

Yana da nasa matsalolin. Farkonsa yana da jan ƙafa, kuma rabin daɗin a cikin rubutu yake, Turanci ne mai wasa da kalmomi, wanda karatu ke ba shi wuya zai yi asarar barkwanci da yawa. Ba shi da sigar waya daga masu shi, sai kwamfuta, PS4, PS Vita, Switch ko Xbox, a Steam, shagon sayar da gem na intanet, kusan dala 10 ne. Sai dai ba shi da nauyi, tsohuwar laftof ma tana ɗaukarsa, ba ya buƙatar intanet in ka sauke. A gidan gem kam ba zai yiwu ba, ana jiran fad kai kana shafa kan kare.

Toby Fox ya ci gaba da wani mai suna Deltarune, babin farko ya fito 2018, na biyu 2021, na uku da na huɗu 2025. Shi kuma tun a farko zai bar ka ka ɓata lokaci kana ƙera ɗan wasanka, kai da jiki da ƙafa har da suna, kana gamawa ya watsar da shi ya ba ka wani daban. Babi biyun farko kyauta ne, su nake kai yanzu.