Dainamon BSA ɗin Alhaji

Asabar ɗin da ta wuce na tattara mitata da sukundirebobina na bar garejin da na shafe shekara tara ina aikin rewaya. Yaran nan biyu da ke koyo a hannuna sun roƙe ni in bar musu wani abu a rubuce. Da na zauna, babur ɗaya ne ya tsaya min a rai ya ƙi gusawa.

Ina shekarata ta uku a wurin wani dattijo, Alhaji, ya kawo babur ɗin BSA B31 ƙirar 1955. Na mahaifinsa ne, ya ce da shi tsohon yake zuwa aiki. Kik ɗaya yake tashi, domin wutar fulogi daga magneto take zuwa, wata 'yar na'ura mai samar da wutarta da kanta, ba ruwanta da batir. Caji ne kawai ba ya yi. A saman magneton akwai dainamo, wato na'urar da ke cajin batir, na kamfanin Lucas na Birmingham, E3L, mai bolt 6 da wat 60. Na kwance shi na tarar kabon, ɗan gawayin da ke ɗauko wuta, ya cinye har sifirin ba ya iya danna shi, komiteta kuma, zoben jan ƙarfen da kabon ke gogawa, ta yi baƙi ƙirin da mai. Na wanke, na goge da samfefa mai laushi, na gyara sabon kabon har ya zauna daram. Na haɗa kawunan dainamon biyu, D da F, da guntuwar waya, na rataya kwan fitilar mota, na tayar da injin a hankali. Kwan ya kama tar. Raina ya yi fari ƙal.

Saura batir. Oga da kansa ya ɗaura shi, yadda hannunsa ya saba da Honda da Suzuki, wato kan da ke da alamar – a jikin ƙarfen babur. Yawancin baburan Ingila na wancan zamanin kuwa + ne ke zuwa jiki. Na san haka sarai. Da na kunna fitila injin na kashe, allurar amita, mitar da ke nuna ko wuta na shiga batir ko tana fita, ta karkata ɓangaren caji maimakon ta ja baya. Da idona na gani.

Na ce, "Oga, kamar batir ɗin nan..."

"Kai, tun ba a haife ka ba nake ɗaura batir. Buga kik."

Na buga.

Dainamo yana riƙe ɗan maganaɗisu a ƙarfensa ko yana kwance, shi ne ke nuna masa ta ina zai tura wuta. Namu yana nan a kan tsohuwar hanyarsa, batir kuma an juya shi. Da katawut, makunnin da ke haɗa dainamo da batir, ya rufe sai wutar biyun ta haɗu ta yi yawa, bakin katawut ya manne ya ƙi saki. Muka kashe injin muka tafi sallar La'asar, batir na ta zuba cikin amacha, wato naɗin wayar da ke juyawa a cikin dainamo. Tun daga bakin ƙofa warin ƙonannen fenti ya tare mu. Jikin dainamon ba ya taɓuwa don zafi. Da na buɗe, dalmar da ke riƙe wayoyi a komiteta ta narke, naɗin jan ƙarfen ya koma launin gawayi. Naɗin da ya rayu tun zamanin mahaifin Alhaji, a cikin rabin awa muka kashe shi.

Washegari Alhaji ya zo. Ina tsaye a gefe Oga ya ce, "Yaron ne, Alhaji, a yi haƙuri, kun san yaran yanzu." Dattijon ya dube ni ya ce, "Allah ya kiyaye gaba, ɗana." Da zagina ya yi da ya fi min sauƙi. Aka kai amacha wurin mai naɗi, aka nemo wani katawut, aka riƙa cire kuɗin daga kasona har wata huɗu. Oga bai taɓa ɗauko maganar ba har na bar wurin, ko da mu biyu ne kaɗai. Amma daga ranar, duk tsohon babur na Ingila da ya shigo, Triumph ne ko BSA, sai in ji ya ce, "Ku kira min yaron nan."

Ba na cire kaina daga laifi. Hannun Oga ne ya juya batir, amma ƙafata ce ta buga kik, alhali allura ta riga ta gaya min gaskiya. Girmama na gaba wajibi ne, ni ma da shi aka raine ni. Sai dai da na cire waya ɗaya na ce "Oga, zo ka ga amita", da babu wanda ya ji kunya a gaban kowa. Ku yaran nan, idan mita ta faɗi wani abu mutum ya faɗi wani, ku ajiye hannu ku nuna masa mitar cikin ladabi.

Sauran shawarwarin ba su da tsawo. Kada ku yanke wa amacha hukunci kafin ku duba kabon da wayar da ke zuwa jikin babur, tsatsa a nan ta fi kashe caji. Dainamon da ya daɗe a ajiye yakan rasa maganaɗisunsa, sai a ɗauko waya daga kan batir ɗin da ba ya jiki a taɓa F da ita sau ɗaya, kamar ƙyaftawar ido. Haka ma duk lokacin da aka canza wa batir fuska. Wayoyin akwatin caji, wanda katawut ke cikinsa, huɗu ne, F, A, D, E, kada D da F su yi musaya. In komiteta ta cinye, a kankare tsakanin layukanta da guntun zarton ƙarfe.

Ranar da na mayar wa Alhaji baburinsa, na sa jan fenti na zana babbar alamar + a cikin gidan batir, da kibiya mai nuna ƙarfen babur. Watan jiya ɗansa ya kawo shi canjin kabon. Na buɗe murfin na ga fentin ya dusashe amma ana karantawa. Na sake bin sa da buroshi, sannan na kwatanta masa sabuwar rumfata.