Yadda ƙwaƙwalwar rago ta kunyata ni a gaban 'yan ajina

Wallahi har yanzu in na tuna sai haushin kaina ya kama ni. Bayoloji nake koyarwa a wata sakandare nan cikin Kano, na gaji da zana ƙwaƙwalwa a allo yara na cewa kabewa ce, shi ne na ce bari in kawo musu ta gaske. Da sassafe na je wajen mahaucinmu na ce Baba a fasa min kan rago a ciro ta a hankali, ya ciro, na jefa a leda na hau adaidaita, ga zafin Afrilu ga cunkoson Ƙofar Nasarawa.

To ni duk wadda na taɓa riƙewa a jami'a an jiƙa ta a fomalin ne, wato ruwan maganin da ke hana nama ruɓewa, shi ya sa take da tauri kamar roba, na ɗauka haka Allah Ya yi ta. Ashe ɗanyarta ko awarar da ba a soya ba ta fi ta ƙwari. Ina zazzage ledar a faranti sai ga abu ya baje kamar kindirmo, ina cewa nan ne gaba inda ake tunani da yanke shawara, can baya ne wajen gani, alhali ni kaina ban san ina ne gaban ba.

Karo na biyu sai da ta yi sati 2 a fomalin, kuma na tsaya a kan Baba na hana shi gatari don shi ke datse kututturen nan da ya haɗe da laka, wanda numfashi da bugun zuciya ke hannunsa. Da na raba ta biyu sai ga farar gadar da ke haɗa ɓarin dama da na hagu, ga ƙaramar ƙwaƙwalwa ta ƙeya mai daidaita tafiya, cikinta wani farin zane kamar reshen zogale, ajin ya yi tsit. Na ce musu ta ɗan adam ta kusa ninka wannan sau 10, wajen kilo 1.4, kuma ɓangaren goshi ba ya gama nuna sai an haura shekara 20, na ce shi ya sa kuke haka.

Don Allah in za ka gwada kar ka sa ta a leda, nemi mazubi mai murfi, ka sa safar hannu don fomalin na cin fata da ido. Leda fa! Har yau in na shiga ajin sai wani ya ce Malam yau ma da fura za a dama?